Lambun Japan na Sabitu Ɗan Landan

Kwana goma sha tara Sabitu ya yi a Landan, amma ya fi shekara goma sha tara yana ba da labarin bai kai ƙarshensa ba. An tafi da shi ne ana saura shekara guda a ba da mulkin kai, ba don ilimi ba, ba don sarauta ba. Wani babban ma'aikacin En'e ne daga Dutsin-Ma aka gayyata ya je ya ga yadda Turawa ke tafiyar da garuruwansu, shi kuwa yana son wanda zai riƙa masa jaka da lema. Sabitu ya riƙa.

Saura kwana biyu su dawo, ruwa ya tare su a hanya, tafinta ya ja su cikin wani lambu su fake. Nan Sabitu ya ga abin da ya ɓata masa lissafin duniya. Farin rairayi ne shimfiɗe, an ja masa layi-layi da manjagara kamar igiyar ruwa, duwatsu a zazzaune a ciki, ga wasu itatuwa tsofaffi tukuf waɗanda ba su kai gwiwa ba, ga ɗan kududdufi da jajayen kifaye, an ɗora masa kadarko mai doro. Sabitu ya ga rairayin ya yi kyau, ya tsallaka tsakiya don ya ji taushinsa. Wani tsohon Bature mai gadi ya busa usur, ya biyo shi da manjagara yana faɗa ta hanci. Da ƙyar tafinta ya raba su. Shi ya bayyana cewa lambun irin na mutanen Japan ne: ba a takawa, ba a shukawa, ba a ci. Zama ake yi a duba, a yi shiru. Kowane dutse ma da fuskarsa da ƙeyarsa.

Kafin labarin ya iso Kwarin Maje, ƙauyen su Sabitu da ke kan hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma, usur da manjagara sun faɗi a hanya. Tsohon mai gadi ya zama babban malamin lambu na Sarkin Japan, wanda ya kama hannun Sabitu yana hawaye, ya roƙe shi ya kai wannan ilimi ƙasar Hausa.

To, Sabitu yana da lambu. Gadon ubansa ne, a bakin hanya, da rijiya da jigo da inuwar tsamiya, kuma albasar cikinsa ita ke ci da gidan duk rani. Wata safiya matarsa Yahanasu ta kai masa koko, ta iske shi yana tumɓuke dashen albasa yana jifa bayan shinge.

Ta ajiye ƙwarya. "Malam, lafiya? Kunama ce ta shiga ciki?"

"Ilimi ne ya shiga. Lambun Japan za ni yi."

"Mi ake shukawa cikinshi?"

"Duwatsu."

"Kwana nawa su kan nuna?"

"Ke, ba ci ake yi ba. Kallo ake."

"To madalla. Yau da la'asar sai ka zo in aza maka tukunya ka kalla."

Rabo, maƙwabcinsa na lambu, ya daɗe yana haɗiyar miyau a kan rijiyar nan, don tasa ba ta kai ta ruwa ba. Kafin rana ta take ya isa ƙofar Dagaci. Al'adar kwarin kuwa sananniya ce: lambun da mai shi ya bari rani guda bai noma ba, a kan ba wanda zai noma. Dagaci ya sa aka kira Sabitu.

"An ce ka tuge albasa ka zuba rairayi."

"Ranka shi daɗe, lambu na tuge na sa lambu. Na da na talakawa ne, wanga na sarakuna."

Dagaci ya sosa gemu. "Ni ban san Japan ba, ko Kano sau ɗaya na je. Amma nan da wata biyu Malamin Gona zai zo daga Dutsin-Ma ƙidayar lambuna. In ya rubuta lambu, naka ne. In bai rubuta ba, na Rabo ne, da rijiya da jigo."

"Ranka shi daɗe, in ya gani, littafin nasa ba zai ishe shi ba."

Rairayi bai ba da wuya ba, mangala arba'in aka kwaso daga gulbi. Duwatsu ne suka cinye mako guda. Ga duwatsu birjik a Kwarin Maje, amma Sabitu ya ce duk ba su da fuska. Ya kora jaki har Dutsin-Ma, ya wuni yana kewaya dutse ɗaya yana durƙusawa yana leƙe. Masu wucewa suka tsaya.

"Bawan Allah, mi ka yar?"

"Fuskarshi nike nema."

Suka dubi juna, suka dubi jakin, suka tausaya wa jakin.

Ya kawo guda bakwai dogaye, ya kakkafa su a tsaye cikin rairayi. Washegari da hantsi sai ga Gogo Kulu, ƙanwar ubansa, ta taho tana dogara sanda, bayanta mata goma sha wani abu, kowa da mayafi har ƙasa. Tun daga nesa ta fara salati.

"Sabitu! Mutum bakwai a kwana ɗaya, ba a gaya mani ba? Annoba ce? Su wa da wa?"

"Gogo, ba kabari ba ne, ado ne."

"Ado? Allah sarki, Ado ma yana ciki?" in ji wata daga baya, ta fashe da kuka, don ɗan'uwanta Ado ya tafi cin rani ba labari.

Sai da Sabitu ya rantse sau uku, ya tuttuge duwatsun a gabansu, kana matan suka watse. Daga ranar ya kwantar da su kwance.

Sai itatuwa. Ya samo 'yan kuka da tsamiya ya dasa a kasko, ya zauna da almakashi yana datsa su don kada su yi tsawo. Rabo ya jingina da shinge yana kallo.

"Ɗan Landan, wai mi kake yi?"

"Hana shi girma. A Japan sai itace ya shekara ɗari bai kai gwiwa ba. Ilimi ne babba."

"Awo. Ashe awakina 'yan Japan ne. Tun zamanin kakanmu suke wanga aiki a magaryar bakin hanya, ko anini ba su karɓa."

Sabitu ya yi tsaki. Amma da awakin suka shigo da yamma suka share kaskon nan tas, sai aka gan shi yana haƙo magaryar bakin hanyar. Ya dasa ta, ya ce daga Landan ya zo da irin.

Kududdufi ya haƙa, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba, ya daɓe shi da laka, ya cika da jigo. Jan kifi ne babu. Ya sa masunta suka kamo masa tarwaɗa uku, baƙaƙe ƙirin, masu gashin baki. Ya yi tunani, ya je wurin dukawa ya sayo karan dafi, jan rinin da suke rina fata, ya jiƙa ya juye a ciki. Ruwa ya yi ja wur. Tarwaɗa ko gezau. Labari ya bazu cewa Sabitu ya yanka sa a ɓoye, jini har ya cika rami. Kafin azahar ƙwarya ashirin na jere a ƙofar Yahanasu, kowace da saƙon a taimaka da ɗan tsoka.

Yahanasu ta kwashi ƙoren ta kai masa lambu. "Ga baƙinka. Ka zuba masu Japan."

Ya kwashe jan ruwan, ya sake cikawa. Ya sa azara biyu da kara da yaɓe ya yi kadarko mai doron raƙumi a kan ramin da akuya ke tsallakewa ba ta sani ba. Ya kafa ƙusoshi a jikin katako ya yi manjagara, ya ja layukansa a rairayi, masu lanƙwasa, suna kewaye kowane dutse. Gaskiya, abin ya yi kyau. Bai gama ja da baya yana kallo ba sai ga wata tsohuwa ta durƙusa gefensa ta ajiye goro biyu.

"Malam, na ji ka fara duba. Ragona ya ɓata kwana uku. A buga mani ƙasa."

"Ni ba boka ba ne! Ki je bayan gidan Rabo ki nema, ki ƙyale ni!"

Don ya rabu da ita ya faɗa. Ta je, ta iske ragon a bayan gidan Rabo, ɗaure. Rabo ya ce tsinta ya yi yana cigiya, sai dai ba wanda ya ji cigiyar. Washegari mutum tara suka zo, wani da matar da ta yi yaji, wani da ciwon baya, kowa na tattake layukan don ya matso kusa da malam.

Nan Sabitu ya ce dole a yi wa rairayin iyaka. Ya jera ƙananan duwatsu ya kewaye shi kusurwa huɗu, ya bar 'yar ƙofa ta yamma inda zai riƙa shiga da manjagara. Ta gabas akwai babban dutsen da ya fi ƙauna, sai ya lanƙwasa jerin ya fita waje ya zagaye shi, ya yi masa ɗan lungu. Ya tafi gida ya ci abinci da daɗin rai.

Ranar kuwa kasuwar Dutsin-Ma ce. Rana na gotawa, Yero, wani dattijon makiyayi daga wajen Wurma, ya iso da shanunsa, tare da 'yan kasuwa masu jakuna. Suka ga inuwa, suka ga rijiya, suka ga farin rairayi sharare an kewaye shi da duwatsu, ga ƙofa ta yamma, ga lungun liman ta gabas. Duk wanda ya taɓa tafiya a ƙasar nan ya san sunan wannan abu.

"Allah shi yi wa mai wanga masallaci albarka," in ji Yero. "Har taje shi ya yi."

Suka mirgine babban dutsen gefe, suka yi alwala, suka tuɓe takalma, suka tayar.

Sabitu ya hango su daga kan tudu. Ya sheƙo a guje, riga na tashi, yana ihu, "Kai! Kai! Ba a taka..." Ya iso ya iske an yi kabbara. Ba a gifta gaban mai salla, ba a jan rigar mai salla, ba a yi wa mai salla tsawa. Ya tsaya yana ɗaga ƙafa ɗaya yana ajiye ɗaya, yana kallon goshi goma sha biyu na sauka a kan igiyoyin ruwansa. Suna sallamewa wasu suka iso. Yero ya dube shi.

"Malam, ka yi azahar?"

Bai yi ba.

"To shigo sahu, mi kake jira?"

Sabitu ya shiga. Shi ya murje layi na ƙarshe da gwiwarsa.

Da suka idar ya yi ƙoƙari. "Jama'a, wanga wuri fa na kallo ne. Zama ake a yi shiru."

"Gaskiyarka," in ji Yero. "Surutu a masallaci ba kyau." Ya juya ga sauran. "Kun ji mai wurin. A daina hira."

Sabitu ya rubuta gargaɗi da boko ya kafa. A kwarin nan masu karanta boko biyu ne, ɗaya shi ne, ɗayan ya koma Katsina. Sai ya je wurin Malam Ilu, limamin ƙauyen, ya roƙe shi ya rubuta masa da ajami. Malam Ilu ya rubuta a allo, da tawada mai kyau, Sabitu ya rataye a bakin ƙofa. Daga ranar duk wanda ke da sauran shakka, da ya hango allo da baƙaƙen Larabci, sai ya tuɓe takalmi tun daga bakin hanya. Wani ya bar buta sadaka. Wani ya kawo buzu ya shimfiɗa a lungun gabas. Wani makaho mai murya ya ɗauki kiran salla ba wanda ya sa shi. Sabitu ya ja layi da safe, a share da azahar. Ya ja, a share da la'asar. Ya rame. Rabo kuwa sai ƙiba yake, har ya fara auna lambun da ido yana raba fangali.

Ranar zuwan Malamin Gona ta faɗo a kan ranar kasuwa. Tun da sassafe Sabitu ya ja layukan da bai taɓa jan irinsu ba, ya mayar da babban dutse gurbinsa, ya ɓoye buta da buzu a bayan tsamiya, ya saro ƙayar aduwa ya toshe ƙofar yamma. Ya sa babbar riga da takalmin Landan, ya riƙe lema, ba ko gajimare a sama.

Malamin Gona, Malam Salisu, ya iso a kan keke, littafi a aljihu, alƙalami a kunne. Dagaci ya taho, Malam Ilu ya taho, Rabo ya taho, ƙauye duka ya biyo baya. Malam Salisu ya kewaya sau ɗaya.

"Ina shukar?"

"Ga ta." Sabitu ya nuna magarya.

"Wannan ai akuya ta ci."

"Shekararta ɗari da biyu. Yallaɓai, daga ƙasa ba a gane lambun Japan. Sai an hau kadarko. Bismilla."

Malam Salisu ya dubi kadarkon, ya ga 'yar jar ƙasa ta bi jikin karan. Aikin gona ya karanta, ya san gara in ya gan ta. "Fara hawa, Malam. Kai ne mai gida."

Sabitu ya hau har ƙololuwar doron, ya buɗe lema, ya gyara murya. "Jama'ar Kwarin Maje! Rairayin da kuke gani teku ne. Duwatsun nan tsibirai ne. Ranar da babban malamin Sarkin Japan ya kama hannuna, ya ce mani, Sabitu, kai kaɗai ne a duk Afirka..."

Ana haka sai ga Yero da shanunsa, sun kwana biyu ba su sha ba. Babban bijimin ya ratsa taron kamar kasuwar ubansa, ya tsoma baki a kududdufi, ya sha, ya ɗago, ya ga abin sosa wuya. Sau biyu ya goga. A na uku kadarkon ya yi wata 'yar ƙara mai ladabi, ya rabe biyu. Sabitu ya tafi da lemarsa a buɗe, ya zauna daɓas cikin laka har ƙirji. Tarwaɗa ɗaya, da ta daɗe tana neman mafaka, ta shige hannun babbar riga ta ƙi fita.

Ana cikin dariya makaho ya kira salla.

Yero ya isa ƙofar yamma ya tsaya. "Wane mara tsoron Allah ne ya toshe masallaci da ƙaya?" Ya sa sanda ya yaye. 'Yan kasuwa suka mirgine dutse, wani ya zaƙulo buta da buzu. Malam Salisu ya jingine keke, ya yi alwala, ya bi Dagaci cikin sahu, Malam Ilu ya shiga lungun gabas. Sabitu yana cikin rami yana kokawa da laka da kifi, ba mai jawo shi, kowa na salla.

Da aka sallame aka ciro shi, takalmin Landan ɗaya ya zauna a Japan. Malam Salisu ya ciro littafi.

"Ranka ya daɗe, ni lambu aka aiko ni in ƙirga. Nan kuwa yanzu na yi salla a cikinsa. Ba zan rubuta lambu ba."

Rabo ya yi tsalle. "Alhamdu lillahi! Gobe in fara fangali!"

"Tsaya, Rabo," in ji Malam Ilu. "Wuri ya kwana arba'in ana jam'i cikinshi, ka ce za ka dasa albasa? Amma kuma ba a yi wa Allah kyauta da abin wani. Mai wuri shi zai faɗa." Ya juya. "Sabitu, ka gaya wa jama'a. In wasa kake, ba ka yi niyya ba, to ba masallaci ba ne, ba kuma lambu ba ne, Dagaci ya ba Rabo. In kuwa don Allah ka share, ka kewaye, ka fidda alƙibla, to ya fita hannun kowa har abada, da rijiyar alwala. Wanne ne?"

Sabitu ya dubi Rabo, ya ga haƙora. Ya dubi jama'a, mutum ya fi ɗari, duk sun zuba masa ido, ba mai dariya yanzu. Tun da ya dawo daga Landan ba a taɓa sauraronsa haka ba. Ya miƙe, laka na zuba, hannun riga na motsi shi kaɗai.

"Wasa? Ni? Tun a Landan na yi niyya! Na ɓoye ne don kada a ce riya. Ku dubi alƙiblar nan, da ido na fidda ta, ko Malam bai gyara ba!"

"Allahu Akbar!" in ji taro. Yero ya kama hannunsa ya girgiza, tarwaɗa ta faɗo, Yahanasu ta sa ƙwarya ta tare. Gogo Kulu ta rangaɗa guɗa. Dagaci ya sa albarka. Rabo ya zauna a kan babban dutsen, bai ko duba fuska ce ko ƙeya ba.

Sai da suka kama hanyar gida Yahanasu ta yi magana.

"Malam, lada kam ka samu. Rani fa?"

"Allah zai kawo."

"Ya kawo. Rabo na neman mai ja mashi jigo."

Haka aka yi. Duk ranin nan, wanda ya tsaya salla a Masallacin Ɗan Landan, in ya leƙa ta kan shinge, zai ga mai kyautar a lambun Rabo, riga a kugu, yana tsoma guga yana ɗagowa. In an gaishe shi sai ya saki jigon ya taho bakin shinge yana share zufa.

"Kada ku ɗauka ƙodago nike. Ban-ruwa irin na Turai nike koya wa wanga bawan Allah. Kanshi da tauri, sai an yi ta maimaitawa."

"Awo," in ji Rabo daga inuwa, ƙafa kan ƙafa. "Har yanzu ban gane ba. Dawo ka maimaita, saura fangali goma sha biyu."